In Allah ya riga ya sani, laifin wa ne zunubina?

"Malam, ina gaisuwa. Ni Kirista ne tun ina yaro, shekaruna 29. Ni ke riƙe da kuɗin ƙungiyar matasa a ikkilisiyarmu, kuma shekara biyu ke nan ina taɓa kuɗin ina caca da su a waya. Na yi kuka, na yi azumi, na yi wa Allah alkawari ya fi sau goma, amma sai in koma. Mahaifina ma caca ce ta cinye shi. To, in Allah ya san zan yi haka tun kafin ya halicce ni, in kuma na gaji zunubi daga Adamu ba da yardata ba, in har Bulus da kansa ya ce muguntar da ba ya so ita yake yi, ina 'yancin zaɓin da ake cewa ina da shi? Da wane dalili za a hukunta ni a kan abin da na kasa bari?"

Ɗana, sai da na karanta saƙonka sau uku kafin in fara amsawa. Na gode da ba ka yi mini kwana-kwana ba. Da yawa masu wannan tambaya sukan ce "wani abokina ne", kai kuwa ka ambaci kuɗin, ka ambaci cacar, ka ambaci mahaifinka. Tambaya uku ka ɗaure da igiya ɗaya: ko sanin da Allah ya yi tun fil'azal ya tilasta maka, ko halin da ka gada daga Adamu da daga babanka ya ɗauke maka alhaki, da kuma ko wanda ya kasa bari ana iya kiransa mai laifi. Na yi shekaru ina koyar da tauhidin Kirista ga masu shirin aikin ikkilisiya, na kuma zauna da mutane da yawa da suka zo da nauyi irin naka. Bari in faɗa maka matsayina tun yanzu, don ka san inda na dosa: zunubin naka ne. Na san maganar da zafi. Ka yi haƙuri ka bi ni, domin a cikinta ne ƙofar fitarka take.

Hannun da ya ɓace

Tambayar ta girme mu duka. A Farawa sura 3, da Allah ya tambayi Adamu ko ya ci daga itacen, sai ya ce matar da ka ba ni ce ta ba ni, na ci. A numfashi ɗaya ya jingina laifin a kan mutum biyu, matarsa da Allahn da ya ba shi ita. Hawwa'u kuma ta nuna maciji. Ka lura, ba wanda ya yi ƙarya tsagwaronta a cikinsu. Matar ta ba shi, macijin ya yaudare ta. Gaskiya suka faɗa, sai dai sun jera ta yadda nasu hannun zai koma can ƙarshen magana.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Haruna, a Fitowa sura 32. Musa ya sauko daga dutse ya tarar ana rawa a gaban ɗan maraƙin zinariya, ya tambayi ɗan'uwansa yadda aka yi. Haruna ya ce ai ka san halin mutanen nan, sun ba ni zinariyarsu, na jefa a wuta, sai ga wannan ɗan maraƙi ya fito. Amma ka koma aya ta 4 ta surar: shi ne ya karɓi zinariyar, ya sa kayan aiki ya siffata ta da hannunsa, aya ta gaba kuma ya gina bagade a gabanta. A bakin Haruna akwai jama'a, akwai zinariya, akwai wuta, akwai maraƙi. Hannun da ya yi ƙirar ne kaɗai ya ɓace.

Tun da na gane wannan, in mutum ya zo wurina da damuwa, hannun nake nema a cikin maganarsa. Wani dattijo ya taɓa zama a gabana a kan kuɗin amana da aka ba shi. Ya ce kuɗin sun salwanta. Ya ce abin ya faru ne a lokacin da hannunsa ya yi ƙunci. Ya ce tsautsayi ne, ya ce sharrin Shaiɗan ne. Yana magana yana murza hularsa a kan gwiwa. Mun kusa awa guda kafin ya ajiye hular, ya dubi ƙasa, ya ce: "Na ɗauka. Ni na ɗauka." Daga wannan jimlar ne muka fara aiki. Ba ina cewa kai ma gudu kake ba. Tambayarka tana da nauyi na gaske, har Bulus ya sa ta a bakin mai gardama a Romawa 9:19: in haka ne, don me Allah yake ganin laifinmu, wa ya isa ya ja da nufinsa? Ina dai so ka san zuciyar ɗan Adam takan ɗauko tambaya ta gaskiya ta yi garkuwa da ita.

Sani da tilastawa

Ɗauki Bitrus. A daren da aka ba da Yesu, ya gaya masa ƙarara cewa kafin zakara ya yi cara zai yi musun saninsa sau uku. Sa'an nan ga Bitrus a tsakar gidan babban firist yana jin wuta, wata baranya ta ƙura masa ido ta ce wannan ma yana tare da shi. Ba wanda ya riƙe harshensa. Tsoro ya ji, ya auna, ya zaɓi ransa. Luka ya ce da zakara ya yi cara Ubangiji ya juya ya dube shi, Bitrus ya fita ya yi kuka mai zafi. Ga shi da hujjar da ta fi taka ƙarfi, tunda da kunnensa ya ji annabcin, amma bai ce "ai an riga an faɗa" ba. Ya san wanda ya yi musun.

Wani masani ɗan Roma mai suna Bowitiyus, wajen shekara ta 524, yana kurkuku yana jiran kisa, ya yi tunani mai zurfi a kan wannan. Ya ce mu ne muke da jiya da gobe, Allah kuwa dukan zamani a shimfiɗe yake a gabansa a lokaci ɗaya. In ka hangi mutum yana tafiya a hanya, tabbas yana tafiya, amma ganinka bai ɗaga masa ƙafa ba. Haka sanin Allah: ya san za ka danna wayar domin a gabansa kana dannawa, da yatsanka, da son ranka.

Wannan amsa tana da amfani, amma ba zan ruɗe ka ba, rabin hanya take kaiwa. Allah ba ɗan kallo ba ne kawai. Shi ya halicci duniyar, yana sane da abin da za a yi a cikinta. Littafi Mai Tsarki kuma bai ɓoye wannan ba, ya ma faɗe shi da ƙarfin da yakan firgita ɗalibaina. Yusufu ya ce wa 'yan'uwansa da suka sayar da shi: ku kun nufe ni da mugunta, Allah kuwa ya nufe shi da alheri (Farawa 50:20). Aiki ɗaya, niyya biyu, kuma niyyar Allah ba ta wanke tasu ba. Bitrus a ranar Fentikos ya ce wa jama'a an ba da Yesu bisa ga tabbataccen shirin Allah da rigyasaninsa, ku kuma kuka kashe shi ta hannun mugaye (Ayyukan Manzanni 2:23). Masu sauraro suka ji maganar ta soke su a zuci, suka tambayi abin da za su yi, ya ce ku tuba. Yesu da kansa ya haɗa biyun a kan Yahuza: Ɗan Mutum zai tafi kamar yadda aka ƙaddara, amma kaiton mutumin da yake bashe shi (Luka 22:22).

Fir'auna ne akan fi kawo mini. Gaskiya ne nassi ya ce Allah ya taurare zuciyarsa, gaskiya ne kuma ya ce shi ya taurare tasa (Fitowa 8:15, 8:32, 9:34). A cikin jerin annoban, sai a ta shida, ta marurai, aka fara cewa Ubangiji ne ya taurare shi (9:12). Waɗansu sukan tsaya nan su ce ka gani, shi ya fara. Amma tun a 4:21, kafin Musa ya isa Masar, Allah ya ce zai taurare shi, don haka ba na son a sauƙaƙa abin fiye da yadda nassi ya bar shi. Abin da yake a fili shi ne Allah bai sami zuciya mai taushi ya zuba mata mugunta ba. Mutumin da ya ce wane ne Ubangiji da zan ji maganarsa, wanda ya hana bayi ciyawar yin tubali ya kuma ce adadin tubalin kada ya ragu, shi aka bari ya ƙarasa zama abin da yake so ya zama.

Akwai katangar da Kirista bai tsallakewa, tana Yakubu 1:13-15. Kada wanda ake jarabta ya ce Allah ne yake jarabtarsa. Kowa sha'awarsa ce take jansa ta yaudare shi, sha'awar ta yi ciki ta haifi zunubi, zunubin ya girma ya haifi mutuwa. Ko masu bin koyarwar Kalbin, waɗanda suka fi kowa ƙarfafa ƙaddarawar Allah, da suka rubuta shahadar bangaskiyarsu a Westminista ta birnin Landan a 1646, sun ce Allah ya ƙaddara duk abin da ke faruwa, a jimla guda kuma suka ƙara cewa shi ba mafarin zunubi ba ne, ba a kuma yi wa nufin halitta fin ƙarfi ba. Yadda biyun suke haɗuwa a can ciki, ban ga wanda ya ɗinke shi ba tare da barin kafa ba, ni ma ban ɗinke ba. Bulus ya yi sura uku yana kokawa da batun, daga 9 zuwa 11 na Romawa, ya ƙare da cewa hukuntan Allah sun fi gaban bincike.

Gadon Adamu da gadon uba

A nan ne tambayarka ta fi ciwo, kuma a nan ne ikkilisiya ta yi babbar muhawararta. A farkon ƙarni na 5 akwai wani mai zaman zuhudu daga Birtaniya, Felagiyus, yana koyarwa a Roma. Abin da ya dame shi abu ne mai kyau: yana ganin Kiristoci suna zaman sakaci suna cewa mu 'yan Adam ne, ba mu iyawa. Sai ya ce in Allah ya umarta, to mutum yana iyawa, kuma Adamu mugun misali kawai ya bar mana, bai ɓata halinmu ba. Ya ji an karanta addu'ar Agustin, bishop na Hifo (garin Annaba a Aljeriya ta yau), inda yake roƙon Allah ya ba da abin da ya umarta, sa'an nan ya umarci abin da ya ga dama. Felagiyus ya fusata, don a ganinsa addu'ar tana kashe himma.

Agustin, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, ya san abin daga jikinsa. Ya ba da labarin yadda yana da shekara 16 shi da abokansa suka kakkaɓe 'ya'yan itacen maƙwabci da dare. Ba yunwa suke ji ba, yana da waɗanda suka fi su kyau a gida, yawanci ma aladu suka zuba wa. Satar ce kawai ta yi masa daɗi. Ya kuma kwatanta yadda ya ɗaure kansa: karkataccen nufi ya haifi sha'awa, sha'awar da aka yi wa biyayya ta zama al'ada, al'adar da ba a yi tsayayya da ita ba ta zama dole. Ya kira shi sarƙa, ya ce kuma ba ƙarfen wani ne ya ɗaure shi ba, nufinsa ne ya zama ƙarfe. Ka sake karanta wannan, ɗana, ka tuna ranar da ka fara sa kuɗi kaɗan don gwaji, ka tuna daren jiya.

Ikkilisiya ta ƙi koyarwar Felagiyus a taron Kartaj a 418, aka sake tabbatarwa a Afisa a 431. A 529 taron Oranj a ƙasar Faransa ta yau ya ce ko farkon bangaskiya ma aikin alherin Allah ne, ya kuma la'anci ra'ayin cewa Allah ya ƙaddara wani ga mugunta. Abin da aka tsayar ke nan: mun gaji karkatacciyar zuciya, ba ma iya miƙe ta da kanmu. Ka yi gaskiya a wannan. Amma dubi inda ɗaurin yake. Ba a wuyan hannunka yake ba, a cikin sonka yake. Yesu ya ce duk mai aikata zunubi bawan zunubi ne (Yahaya 8:34), bauta ce kuwa da bawan yake ƙaunar ubangidansa. Da wanda aka tunkuɗa daga kan katanga da wanda ya yi tsalle da kansa, duka sun faɗi, duka ba sa iya tsayawa a iska, amma ba ɗaya suke ba. Martin Luta, da ya mayar wa masani Irasmus, mai kare 'yancin nufi, martani a 1525 yana musun 'yancin nufi da dukan ƙarfinsa, shi ma ya ce mai zunubi ba jansa ake yi da wuya kamar ɓarawon da ake kaiwa wurin hukunci ba, da yardarsa yake yi, da son ransa.

Bayan su an ci gaba da jayayya. Mabiyan wani malamin tauhidi mai suna Arminiyus a Holan sun gabatar da ƙorafinsu a kan koyarwar Kalbin ta ƙaddara a 1610, taron Dort na 1618 zuwa 1619 ya ƙi su. Taron Katolika na Tirent ya ce a 1547 nufin mutum ya raunana amma bai mutu ba. Mai wa'azi Wesli a Ingila ya koyar da alherin da ke riga zuwa ya farkar da nufin kowa, Otodoks na gabas kuma suna maganar aiki tare tsakanin alheri da mutum. Sun rabu a kan yadda ake samun ceto, amma ba ko ɗaya a cikinsu da ya ba mai zunubi izinin ya ce laifin Allah ne. Ni dai na fi karkata ga Agustin a kan zurfin ɗaurin, domin abin da na gani a rayuwar mutane ke nan, da tawa. Amma ba na bin duk wanda zai sa ka yi shakkar ko Allah yana son tubarka da gaske. Yesu ya yi makoki a kan Urushalima ya ce sau nawa na so in tattara 'ya'yanki kamar yadda kaza ke tattara 'yan tsakinta, ku kuwa kuka ƙi (Matiyu 23:37).

Batun mahaifinka kuma, Allah ya riga ya amsa shi a Ezekiyel sura 18. Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila suna da karin magana: iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu. Allah ya ce kada a ƙara yin wannan karin magana a Isra'ila. Ya kawo zuriya uku: adali, ɗansa mai zub da jini, sa'an nan jika wanda ya ga dukan zunuban mahaifinsa, ya duba, bai yi irinsu ba. Wannan jikan zai rayu. Ɗa ba zai ɗauki alhakin uba ba, uba ba zai ɗauki na ɗa ba. Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma akwai gaskiya a ciki: yaron da ya tashi yana ganin caca a gida ya san hanyar tun kafin ya san haɗarinta, ɓarnar iyaye kuma takan bi 'ya'ya da jikoki kamar yadda Fitowa 20:5 ta faɗa. Ka gaji rauni a wannan gefe, ya kamata ka tsare shi fiye da yadda wani zai tsare. Hukuncin babanka kuwa ba ka gada ba, ƙarshensa ma ba a rubuta maka ba.

Romawa 7 da ka kawo, malamai sun rabu ko Bulus yana kwatanta kansa kafin tuba ne ko bayanta. Agustin kansa ya fara da ra'ayi na farko, daga baya ya koma na biyu. Ko wanne ne, ka bi maganar har ƙarshe. Ya ce ba ni ne nake yi ba, zunubin da ke zaune a cikina ne, amma bai tsaya nan ya wanke hannu ba. Ya ce kaitona, wa zai cece ni? Wanda yake ganin ba shi da laifi ba ya neman mai ceto, lauya yake nema. A sura ta 8 kuma ya ce ta wurin Ruhu ku kashe ayyukan jiki. Shaiɗan ma haka. Bitrus ya tambayi Hananiya, wanda ya yi ƙarya a kan kuɗin filin da ya sayar, don me Shaiɗan ya cika zuciyarka, a aya ta gaba ya tambaye shi don me ka ƙulla wannan a zuciyarka (Ayyukan Manzanni 5:3-4). Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Alhaki yana da ma'auni

Kada ka ɗauka ina cewa kowane zunubi nauyinsa ɗaya. Shari'ar Musa ta raba zunubin kuskure da na ganganci (Littafin Ƙidaya 15), ta kuma keɓe birane 6 na mafaka domin wanda ya yi kisa ba da niyya ba. Yesu ya ce bawan da ya san nufin ubangidansa ya ƙi yi zai sha dūka da yawa, wanda bai sani ba kaɗan (Luka 12:47-48). Koyarwar Katolika ta tsara wannan da kyau: zunubi mai kisa yana bukatar abin ya zama babba, mutum ya sani sarai, ya kuma yarda da gangan, alhaki kuwa yakan ragu saboda jahilci, tsoro, tilas ko al'adar da ta kama mutum. Sau da yawa ma aikina akasin na yau ne. Na zauna da matan da aka yi wa fin ƙarfi, suna ɗauke da laifin da ba nasu ba shekara da shekaru, sai in buɗe musu Maimaitawar Shari'a 22:26 inda aka ce yarinyar ba ta da laifi, kamar wanda aka auka wa aka kashe ne. Ɗora wa mutum zunubin da bai yi ba zalunci ne, kamar yadda ɗauke masa wanda ya yi yaudara ce.

Kai kana tsakani. Cacar da ta kama mutum har ya kasa bari, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtuka, na kuma yarda da hakan. Ni ba likita ba ne, ba zan auna maka zurfin kamun ba. Amma na yarda cewa da ƙarfe ɗaya na dare, kai kaɗai, waya a hannu, ka yi asara kana son ka mayar, 'yancinka ya ƙuntata ƙwarai. Allah ya san wannan, shi ne kuma zai auna shi da adalcin da ya fi nawa. Tambayata ita ce ƙarfe goma na safe. A lokacin hankalinka a kwance yake, manhajar tana cikin wayarka ba ka goge ta ba, kuɗin ƙungiya suna hannunka ba ka mayar ba, fastonka yana nan ba ka je ba. Alkawuranka fiye da goma duk a ɓoye ka yi su, kuma ba ko ɗaya da ya taɓa waɗannan abubuwa uku. Bulus ya ce Allah yakan ba da mafita tare da jaraba (1 Korantiyawa 10:13). A abin da na gani, mafitar takan kasance da rana, sa'o'i da yawa kafin jarabar ta iso.

Me ya sa nake so ka ce "nawa ne"

Annabi Natan ya je wurin Dawuda bayan ya ɗauke matar Uriya ya sa aka kashe mijin a yaƙi. Dawuda sarki ne, yana da hujjoji da zai iya jerawa, har a Zabura 51 ya ce tun a cikin uwarsa shi mai zunubi ne. Amma ka duba yadda ya yi da wannan gadon: ya ambace shi don ya nuna zurfin ciwon, a zaburar da yake cewa na san laifofina, kai na yi wa zunubi. Ga Natan kuwa kalma biyu ya faɗa da Ibrananci, ma'anarsu na yi wa Ubangiji zunubi. A cikin ayar nan Natan ya ce Ubangiji ya kawar da zunubinka (2 Sama'ila 12:13). Sakamakon bai tafi ba, gidansa ya sha wuya shekaru. Gafarar dai ba ta jira ba.

Tsautsayi jaje ake yi masa, ba a gafarta shi. In abin da kake yi ƙaddara ce kawai, ko jinin babanka ne kawai, to ba abin da ya rage sai a taya ka baƙin ciki a zuba ido ka ƙare kamar yadda ya ƙare. In kuwa zunubi ne, naka, to irin kayan da Almasihu ya zo ɗauka ke nan, kuma alkawarin 1 Yahaya 1:9 ya shafe ka: in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne mai adalci, zai gafarta ya kuma tsarkake. Hujjar da kake ganin za ta kuɓutar da kai daga hukunci, ita ce za ta raba ka da magani. Ban kuma ce ka yi da ƙarfinka ba. Filibiyawa 2:12-13 ta ce ku yi ta aikin cetonku da tsoro da rawar jiki, gama Allah ne yake aiki a cikinku, ku nufa ku kuma aikata. Damuwar da ta hana ka barci har ka rubuto mini, ina ganin hannunsa a ciki.

Akwai gargaɗi ɗaya da ba zan tsallake ba. Yahuza ma ya ce na yi zunubi (Matiyu 27:4). Ya kai furcin wurin manyan firistoci, suka ce ina ruwanmu, ya fita shi kaɗai ya rataye kansa. Bitrus kuwa, da safiyar tashin Yesu, a cikin 'yan'uwa aka same shi. Masu bashin caca sukan kai ga tunanin da ya kai Yahuza. In wannan tunani ya taɓa zuwa maka, ko sau ɗaya, ka faɗa wa mutum a ranar, kada ka kwana da shi.

Yanzu ga abin da nake so ka yi a wannan mako. Ka zauna da takarda ka lissafa duk abin da ka ɗauka, da kwanan wata in ka iya, ka rubuta jimillar ba ragi. Ka je wurin fastonka ko wani dattijon ikkilisiya da ka amince da shi, ka miƙa masa takardar, ka ajiye riƙon kuɗin a ranar. Ku tsara yadda za ka biya, ko da kaɗan-kaɗan ne. Shari'ar Musa ta ce wanda ya ci amana ya mayar da ainihin abin ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar (Littafin Firistoci 6:5), Zakka kuma da Yesu ya shiga gidansa maganar mayarwa ya yi. Ka goge manhajojin a gaban wani, ka bar wani amintacce ya riƙa ganin shige da ficen asusunka na wani lokaci, ka kuma nemi likita ko mai ba da shawara da ya san cutar caca, domin neman magani ba rashin bangaskiya ba ne. Ba zan yi maka alkawarin kowa zai karɓe ka da taushi ba. Mai yiwuwa a dakatar da kai, waɗansu su yi magana, kuma masu kuɗin suna da haƙƙin su ji haushi. Mai yiwuwa ma ka sake faɗuwa bayan haka. In ya faru, ka faɗa wa mutumin nan kafin rana ta faɗi. Ka rubuto mini bayan kun gana da faston, ka gaya mini yadda kuka yi. Ina sa ka a addu'a daga yau.